Karen 'Yan Sanda Ba Sai Ya Zama Ƙato Ba

Mutane da dama sun daɗe da ɗauka cewa karen 'yan sanda wani ƙato ne mai nauyin babban mutum, kuma wai gwargwadon girmansa gwargwadon amfaninsa. Wannan fahimta ba daidai ba ce.

Karen makiyayan Jamus, wanda ya fi shahara a wannan aiki, namijinsa yakan kai kilo 30 zuwa 40, tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa kuwa santimita 60 zuwa 65 ne. Karen Malinuwa na ƙasar Beljiyam, wanda rundunoni da yawa suka fi so a yanzu, ya ma fi shi rashin nauyi, domin namijinsa yakan tsaya tsakanin kilo 25 da 30. Manyan karnukan da ke haura kilo 70 ba kasafai ake ɗaukarsu ba, saboda suna saurin gajiya, zafi yana galabaitar da su, gaɓoɓin ƙugunsu kuma suna lalacewa da wuri. Aikin yana buƙatar gudu da tsallake katanga da shiga lunguna, wani lokaci ma jami'in da ke kula da karen sai ya ɗaga shi da hannunsa.

A fannin sunsuno miyagun ƙwayoyi da abubuwan fashewa kuwa, hanci ake nema. Shi ya sa 'yan sandan Birtaniya suke amfani da ƙananan karnuka irin sifaniyel, waɗanda ke iya kutsawa ƙarƙashin kujerun mota da tsakanin jakunkuna.