Mene ne tabon rana, kuma yaya ake ɗaukar hotonsa?

Tun watan Mayun 2024, lokacin da wata guguwa daga rana ta sa sararin sama ya yi ja da kore cikin dare a ƙasashen da ba su saba ganin haka ba, maganar tabon rana ta shiga bakin mutane. Hotunan suna yawo a WhatsApp da Facebook: faifan rana fari fat ko ruwan ɗorawa, da ɗigo-ɗigon baƙi a jikinsa. Wasu suka ce rana ce ta fara hujewa, wasu suka ce haɗin kwamfuta ne. Ko ɗaya babu.

Tabon rana wuri ne a fuskar rana wanda zafinsa bai kai na kewayensa ba. Fuskar da muke gani tana da zafin digiri 5,500 a ma'aunin Salsiyas, tsakiyar tabo kuwa wajen 3,500 zuwa 4,000. Wannan ma ya isa ya mai da ƙarfe tururi. Baƙin da yake yi a hoto, hasken da ke kewaye da shi ne ya rinjaye shi. Garwashin da ya yi jawur da daddare, in ka fito da shi tsakar gida da rana tsaka sai ka ɗauka ya mutu, alhali in ka taka shi za ka gane kurenka.

Maganadisu ne ke haddasa shi. Rana ba dunƙulen dutse ba ce, iskar gas ce mai tsananin zafi, kullum wadda ta ɗau zafi a ciki tana tasowa ta sauke shi a sama ta koma. Inda ƙarfin maganadisu ya tattaru ya ɓullo ta fuskar rana, sai ya danne wannan tasowar, wurin ya ɗan huce. George Ellery Hale ne ya tabbatar da haka a 1908, a tashar nazarin sama ta Mount Wilson da ke Amurka. Babban tabo yana da baƙin tsakiya, sai gefe mai launin toka da ke zagaye da shi, kuma sau da yawa tabo ba ya zuwa shi kaɗai, gungu yake yi. Faɗin rana ya ninka na duniya sau 109, saboda haka ɗigon da ka raina a hoto yana iya fin duniyarmu girma. Wani ya ɓace cikin kwanaki, wani ya yi makonni.

A tarihin wannan fanni, wanda ya fi burge ni ba Galileo ba ne, duk da ya zana tabon rana tun 1612. Heinrich Schwabe ne, wani mai haɗa magani a garin Dessau na Jamus. Ba farfesa ba ne, sha'awa ce kawai da ƙaramin madubin hangen nesa. Daga 1826 ya shiga duba rana duk ranar da gari ya washe yana rubuta abin da ya gani, wai yana neman wata duniyar da yake zaton tana kusa da rana. Bai same ta ba. Amma a 1843 ya bayyana cewa yawan tabon yana hawa yana sauka kamar duk shekara goma. Daga baya aka daidaita lissafin zuwa shekara 11. Kowane hawa da sauka ɗaya ana kiransa zagaye, ana kuma ba shi lamba. Zagaye na 25 ya fara a Disambar 2019, kuma a Oktobar 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa ya kai ganiyarsa.

Daga yankunan tabo ne rana take yin aman wuta. Irinsa ne ya birkita wayoyin tangaraho a 1859, ya kuma kashe wutar lantarki a lardin Kwibek na Kanada na tsawon awa 9 a Maris ɗin 1989. A nan Zariya, inda za ka fi jin tasirinsa shi ne rediyon gajeren zango, ka ji tasha ta ɗauke da rana ba dalili. Zafin bazarar Zariya kuwa kada a ɗora wa tabo. Bambancin hasken rana tsakanin ganiyar zagaye da ƙarshensa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba.

Sai batun hoto, kuma dole a fara da ido. Madubin hangen nesa tattara haske yake yi. Wanda ya leƙa rana ta cikinsa ba kariya zai iya rasa idonsa kafin ya kai ga kau da kai, kuma bayan ido ba ya jin zafi, ballantana ya gargaɗe ka. Baƙin tabarau ba kariya ba ne. Haka gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, da takardar hoton ƙashi ta asibiti, da faifan CD. Gilashin mai walda ma sai mai lamba 14, kuma shi ɗin na kallo da ido ne, ba a haɗa shi da madubi. Abin da ake bukata matacin hasken rana ne na ainihi, irin ledar AstroSolar ta kamfanin Baader, wadda take barin kashi ɗaya cikin 100,000 na hasken ya wuce. A bakin madubi ake sa ta, gaban da ke fuskantar rana, ba wajen da ake sa ido ba. Wasu madubai masu araha suna zuwa da ɗan baƙin gilashi da ake ɗaurawa a maleƙar ido. Jefar da shi, zafi yana tsaga shi nan take. Ka yi wa ledar murfin kwali, ka ɗaure da salatif yadda iska ba za ta fizge shi ba, kullum kuma ka ɗaga ta sama ka duba ko ta huje. Ƙaramin madubin saiti da ke gefe a rufe shi, musamman in akwai yara a gidan.

Hazo yana yaudara. Da hunturu, daga Samaru har cikin birni, rana takan fito kamar farin wata, har mutum ya ga zai iya zuba mata ido. Ta irin wannan hazo ne masanan Sin na dā suka rubuta ganin tabo tun ba a ƙera madubi ba. Amma hazo yana rage ƙyalli ne, ba ya tare duk hasken da ke cutarwa, kuma yana iya yayewa kana cikin kallo.

Wanda bai da mataci yana da wata hanya. Ya juya wa rana baya, ya bar hasken ya fito ta maleƙar ido ya sauka kan farar takarda, ya matsar da ita har faifan ya fito ras, sannan ya ɗauki hoton takardar da waya. A riƙa hutar da madubin, don na ciki in roba ne narkewa yake.

Madubi mai baki milimita 60 ko 70 ya wadatar. Don saita shi, kalli inuwarsa a ƙasa: in ta tsuke ta zama ƙaramin da'ira, ya fuskanci rana. Hantsi ya fi, kafin rufin kwano da ƙasa su ɗau zafi iska ta fara rawa. Ga shi kuma a Zariya, wajen Afrilu da Agusta, rana tsaka tana bi ta tsakar ka, sai madubin ya miƙe tsaye mutum ya rasa yadda zai durƙusa. Ɗora kyamarar waya kan maleƙar da ɗan maƙalin waya, ka rage haske a fuskar wayar har faifan ya daina ƙyalli, ka daidaita har gefen rana ya fito da kaifi. Gajeren bidiyo ya fi hoto ɗaya, domin manhajoji kyauta irin AutoStakkert da RegiStax suna tsince hotunan da suka fi fitowa su haɗe su.

Ba za ka rasa wanda zai leƙa wayarka ya ce, "Malam, wannan ai ƙura ce a gilashinka." A Zariya kuwa zargin yana da tushe. Juya wayar da maleƙar a gabansa. In ɗigon ya bi su, ƙura ce, a goge. In ya tsaya inda yake a jikin faifan, tabo ne. Sannan ka sake ɗauka gobe da jibi a lokaci ɗaya, za ka ga ya gusa, domin rana tana juyawa, kuma tabo yakan yi kamar mako biyu daga wannan gefe zuwa wancan. Rubuta kwanan wata da lokaci a kan kowane hoto, ka kwatanta da na SDO, tauraron ɗan'adam mai lura da rana, waɗanda NASA take sakawa a intanet. In ka ga naka a kife ko dama ta koma hagu, madubin ne ya juya shi.