Guzurin tafiyar ƙasa: abin da samarin Aboabo suka tambaye ni

Wasu ƙannena huɗu daga unguwar Aboabo ta Kumasi, a Ghana, suka same ni bayan la'asar, sun ƙulla tafiyar kwana biyar a ƙafa cikin duwatsun yankin Volta. Za su faro daga Wli, su bi ƙauyukan gindin dutse zuwa Liati Wote su hau dutsen Afajato, sannan su yi kudu wajen Amedzofe, kowa da jakarsa a baya. Takalma sun saya, tanti sun aro, amma da na tambayi guzuri sai suka hau kallon juna. Ga tambayoyinsu da abin da na ce musu.

Yaya, abinci nawa mutum zai ɗauka?

Da kwana ake lissafi, ba da ido ba. Saurayin da zai wuni yana hawa da gangara da kaya a baya yana ƙona kalori 3,000 zuwa 4,000 a rana, kuma busasshen abinci giram 700 zuwa 900 ne ke biyan wannan. Kwana biyar ke nan kilo huɗu ko kusa da haka. Abin da ke rage nauyi shi ne mai: giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko furotin (sinadarin gina jiki da ke cikin nama) kuwa 4 kacal. Shi ya sa gyaɗa ta fi biskit daraja a cikin jaka.

Ga cin rana ɗaya yadda nake auna nawa: garin rogo giram 250, soyayyar gyaɗa 150, garin Tom Brown (garin kunu na soyayyar masara) 100, dabino 100, madarar gari 50, sukari 50, kilishi ko busasshen kifi kamar 60, da cokali biyu na shito, wato soyayyen barkono mai mai. Idan ka tara za ka tarar ya kai kalori 3,000. Ku ɗaure na kowace rana a ledarsa, ku rubuta ranar a jiki. In aka zuba komai a buhu ɗaya, ran Talata za a cinye gyaɗar Alhamis, na sha gani.

Sai mun nemi irin abincin Turawa na cikin fakiti?

Kuɗinku ne, amma ni ban ga dalili ba. Duk abin da na lissafa yana nan a kasuwannin Kejetia da Asawase na Kumasi. Kada ku manta daga ina sunan zango ya fito: masaukin fatake ne, waɗanda ke tasowa daga Kano da jakuna, su yi watanni a hanya kafin su iso Salaga sayen goro. Dakuwa da ƙuli-ƙuli da kilishi abincin matafiya ne tun asali, an yi su ne don su jure rana. Ƙuli-ƙuli dai an matse mansa, don haka ya fi dacewa da haɗin gari, ba zai maye gurbin gyaɗa ba.

Gyaɗa kuwa ku zaɓa da kyau. Wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci a baki, a zubar, gubarta hanta take taɓawa, kuma suya ba ta kashe ta.

Me za mu bari a gida?

Wake da shinkafa ɗanye, sai in kuna son ɗaukar gas mai yawa. Burodi kwana biyu yake yi ya fara furfura. Wagashi da fura ba sa kai gobe lafiya cikin zafi. Gwangwanin sadin ɗaya ko biyu don marmari ya isa, domin ƙarfen ma kaya ne, kuma da shi za ku dawo, ba a yar da shi a daji. Dokunun Fante yana jure 'yan kwanaki, sai dai rabinsa ruwa ne, ku ci shi ranar farko ku huta da nauyinsa.

To ruwa fa?

Nan ne maganar take. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ba ta da ragi. A zafinmu mai tafiya yana shan lita uku zuwa biyar a wuni, ga na jiƙa gari, ga na alwala. Ba mai iya ɗaukar ruwan kwana biyar, saboda haka taswirar tafiyarku ta zama taswirar ruwa: a wane ƙauye akwai famfo, a ina ake sayar da ruwan leda, wanda kowanne rabin lita ne. Ku tashi da lita biyu ko uku, ku cika a duk inda kuka samu, ko da gorar ba ta yi rabi ba.

Ruwan rafi a tace shi da tsumma mai tsabta, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a jefa masa ƙwayar kilorin bisa ƙa'idar da ke jikin fakiti. Kyan ruwa a ido ba shaida ba ne. Ni kaina na taɓa shan wani garai-garai a bakin tafkin Bosomtwe, na kwana ina zarya bayan tanti da tocila a baki. Tun daga ranar ba na tafiya ba tare da ORS ba, wato garin gishiri da sukari na fakiti da ake damawa a sha don mayar da ruwan jiki. In babu, a haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. Gumi gishiri yake kwashewa, shi ne ke sa ƙafa ɗaurewa da ciwon kai da yamma.

A lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, gumin bushewa yake nan take, sai mutum ya zaci bai yi ba. Ku duba fitsari: in ya yi ja, ruwan bai isa ba.

Sau nawa za mu ci?

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Bayan asuba ku dama Tom Brown da madara ku sha da zafinsa kafin a naɗe tanti. Da rana ba a hura wuta: dabino da gyaɗa su zauna a aljihu, a riƙa jefawa baki duk bayan awa ɗaya, in an tsaya azahar a jiƙa gari. Da dare ne za a tafasa ruwa a tuƙa eba, a ci da shito da kifi, a bi da shayi.

Ba za mu iya saye a hanya ba?

Za ku iya, kuma ya kamata. Hohoe babbar kasuwa ce, can za ku cike abin da ya rage kafin ku shiga Wli. A ƙauyuka ana samun ayaba, lemo, dafaffen ƙwai da masara in lokacinta ne. Nama ne abin lura, yawanci na daji ne kuma ba ku san wanda ya yanka ba, ku tsaya kan kifi da ƙwai. Ku riƙe canjin sidi ƙanana, don MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ba ya aiki inda babu sabis. Sannan kowa ya ɓoye ledar rana ta shida a can ƙasan jaka, wadda ba a taɓawa sai ruwan sama ya tsare ku ko wani ya gurɗe.

Ƙaraminsu ya ce, Yaya, shiton Hajiya a kwalba yake. Na ce ya juye shi a robar da ke da murfi mai murɗawa, ya saka ta cikin leda biyu, kuma kada ya kuskura ya ajiye ta kusa da sallayarsa.