Waiwaye: yadda aron kayan aiki ya raini harkar fim a Jos

Tun kafin a san Kannywood, Jos ta riga ta zama gidan masu kyamara. A nan tashar talabijin ta Benuwai-Filato ta fara watsa hoto mai launi a shekarun 1970, kafin sauran tashoshin ƙasar nan. Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, a nan hedkwatarta take. Kwalejin Talabijin ta NTA na Rayfield, sannan Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa ta biyo baya a 1995. Ba kowane gari ne ya samu wannan gata ba.

Sai dai abin da ya amfani matasan Hausawa masu son fim ba gine-ginen ba ne, mutanen da ke cikinsu ne. A shekarun 1990, lokacin da fim ɗin kaset ya yi tashe bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, kyamara ta fi ƙarfin aljihun yawancin furodusoshi. Dole sai haya ko aro. Kyamara ɗaya takan wuni a lokeshan guda, da magariba a naɗe ta cikin jaka, a rubuta batir nawa da fitila nawa a takarda, wani yaro ya ɗora ta a kan babur zuwa wurin masu jiran ɗaukar dare. Janareta kuwa karo-karo ake yi a zuba masa mai. Mai ɗaukar hoton sau da yawa ma'aikacin talabijin ne da ya tashi aiki, kuma ba a tambayar ko masallaci yake zuwa ko coci. Ta haka ƙwarewar da gwamnati ta kashe kuɗi a kai ta gangaro har cikin unguwa, fina-finan Jos suka yi suna wajen kyan hoto da sauti.

Rikicin Satumban 2001, da na 2008 da na 2010, sun yi wa wannan zumunci mummunan lahani. Gari ya rabu, kowa ya koma cikin nasa. Wanda a da yake kai kaya ƙetaren gari tsakar dare sai ya fara lissafin unguwar da zai ratsa. A ganina wannan asara ta fi ta kayan da suka ƙone, domin yarda ba a sayo ta a kasuwa.

Duk da haka zaren bai tsinke ba. Da aka dakatar da shirya fim a Kano a 2007, wasu sun karkato Jos, 'yan'uwansu suka buɗe musu ɗakunan tace hoto. Bayan kafuwar Arewa24 a 2014, aikin shirin Daɗin Kowa ya sake haɗa ma'aikata Musulmi da Kirista a lokeshan ɗaya.

Yau kyamara ta yi sauƙi, wasu ma da waya suke ɗauka su ɗora a YouTube. Abin da ya rage da tsada shi ne fitilu masu kyau, ɗakin naɗar sauti, da wurin adana tsofaffin kaset da ke lalacewa a akwatunan mutane. Har yanzu sanayya ce ke buɗe ƙofa, wanda bai da ubangida a harkar yakan sha wuya, musamman mata. Ya kamata ƙungiyoyi irin su MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, su zauna da hukumar fim da makarantun nan biyu, a fitar da rubutaccen tsarin haya mai rahusa, da rajistar da kowane matashi zai iya shiga.