Waiwaye: Kuɗin Dawo da Lasisin Tuƙi ga Tsofaffin Fursunoni a Amurka

A yawancin garuruwan Amurka, wanda ba ya tuƙi da wuya ya riƙe aiki. Bas ba ta zuwa ko'ina, masana'antu kuma suna bayan gari. Mutum ya gama zaman kaso, an sake shi bisa sharaɗin ya nemi aiki, ya je ofishin lasisi da takardar sallamarsa a hannu, sai a ce masa an dakatar da lasisinsa, akwai tarar kotu, ga kuma kuɗin dawo da lasisi daban. Kafin 2019, a jihar Bajiniya wannan na biyun ya kai dala 145. Akwai shawarar a yafe wa wasu tsofaffin fursunoni wannan kuɗin.

Wani ɓangare na abin ya samo asali tun 1990, lokacin da majalisar dokokin ƙasar ta amince da dokar Solomon da Lautenberg, mai ɗauke da sunayen 'yan majalisar da suka gabatar da ita. Duk wanda aka samu da laifin ƙwaya a dakatar da lasisinsa wata shida, ko da laifin bai haɗa hanya da mota ba. Jihar da ta ƙi, a rage mata kuɗin gina hanyoyi, sai fa in gwamnanta da majalisarta sun bayyana ƙin amincewa a hukumance. Jihohi kuma suka mayar da ƙwace lasisi sandar karɓar bashin tara. Wani bincike a jihar Niyu Jasi ya gano kashi 42 cikin ɗari na waɗanda aka dakatar da lasisinsu sun rasa aikinsu.

Bayan da ɗan sanda ya kashe Michael Brown, wani matashi baƙar fata, a garin Ferguson na jihar Mizuri a 2014, rahoton Ma'aikatar Shari'a na 2015 ya tona yadda garin ke tatsar talakawa da tara. Daga nan aka fara gyara. Kalifoniya ta daina dakatar da lasisi saboda tarar hanya a 2017. Bajiniya ta dawo wa dubban mutane nasu a 2019. A shekarar ce Ohayo ta gwada yafe ko rage kuɗin dawowa, daga baya ta mayar da shirin na dindindin.

Shawarar yafe kuɗin ga wanda laifinsa bai haɗa da tashin hankali ba, kuma yana da aiki, abar maraba ce. Sai dai sharaɗin aikin yana damuna ƙwarai. Wanda ya fi buƙatar yafiyar shi ne wanda mai kamfani ya tambaye shi lasisi a ranar ganawa, ya sunkuyar da kai, ya koma gida a ƙasa.