Wai ungulu ce ke kawo cuta?

Tun muna yara a Tawa ake ce mana ungulu ƙazama ce, in ta sauka a kwata to cuta ta zo. Wannan magana fa a juye take. Ungulu mushe take ci, kuma ruwan cikinta na da tsami sosai har yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama, wato shara take kwashe mana kyauta ba ko dala.

Ku duba Indiya, daga shekarun 1990 ungulayensu suka yi ta mutuwa saboda maganin diklofenak da ake ba shanu, sama da kashi 90 cikin ɗari suka tafi, mushe ya rage a fili karnuka suka samu abinci suka yawaita, sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin.

Wasu kuma su ce ai ungulu ba ta ƙarewa tunda suna ganinta kan bola. Taruwa ce kawai wurin abinci. Irin tamu ta cikin gari tun 2015 tana jerin masu dab da ɓacewa, guba da masu farautar kanta don tsubbu sun cinye ta. Ni kam na daɗe ban ga garkensu bisa kwata ba.