Erik ten Hag a Manchester United: kofi biyu sun isa su wanke shi?

Tun da Manchester United ta kori Erik ten Hag ranar 28 ga Oktoban 2024, musu a kansa bai mutu ba a gidajen kallon ƙwallo da majalisun magoya baya. Wasu na cewa an zalunce shi, wasu na cewa ma an yi masa kara. Ga tambayoyin da aka fi tafka gardama a kansu.

Me ya ci, me ya rasa?

Ya zo daga Ajax a 2022. A kakarsa ta farko ya ƙare na uku a Firimiya da maki 75, ya kuma ɗauki kofin Carabao bayan doke Newcastle da ci 2-0 a Fabrairun 2023, wanda shi ne kofin ƙungiyar na farko tun 2017. A kaka ta biyu ya faɗo na takwas da maki 60, ya zo na ƙarshe a rukuninsa na gasar Zakarun Turai, rukunin da ya haɗa da Bayern Munich da Copenhagen da Galatasaray, amma ya doke Manchester City 2-1 a wasan ƙarshe na kofin FA. Kaka ta uku bai kai ko'ina ba: maki 11 a wasa tara, matsayi na 14, sai West Ham ta doke shi 2-1, washegari aka sallame shi.

Ai kofi shi ne komai a ƙwallo, ko ba haka ba?

Kofi yana da daɗi, amma ba shi ne ma'aunin koci ba. Ƙungiyar Firimiya na iya ɗaukar kofin FA da wasa shida kacal, kuma a irin wannan gasa sa'a da bugun fenariti na da babban rabo. Dubi hanyar da United ta bi a 2024. Da ƙyar ta fitar da Liverpool 4-3 a ƙarin lokaci. A wasan kusa da na ƙarshe tana gaban Coventry, ƙungiyar rukuni na biyu, da ci 3-0, aka farke duka, har sai da aka je fenariti. Gasar lig kuwa wasa 38 ce, gida da waje, da sanyi da gajiya da raunuka. Sa'a ba ta iya ɗaukar koci tsawon wata tara. Duk da haka, kada a rage masa: shirin da ya yi wa City a Wembley, inda Garnacho da Mainoo suka ci, aikin koci ne na gaske.

To da me za a auna shi?

Abu na farko, a raba maki da yawan wasanni. Kakar farko kusan 1.97 ne a kowane wasa, ta biyu 1.58, ta uku 1.22. Layin ƙasa yake yi babu tsayawa. Na biyu, bambancin ƙwallaye. A 2022/23 an ci 58, an sha 43. A 2023/24 an ci 57, an sha 58, wato abin da aka zura mata ya fi wanda ta zura. Na uku, wanda masu musu suka fi mantawa da shi, shi ne yawan harin da abokan hamayya ke kai wa raga. A kakar 2023/24 ana buga wa United sama da shot 17 a kowane wasa, kuma Sheffield United, wadda ta faɗi daga gasar, ita kaɗai ta fi ta shan hari.

Masu kare shi sukan kawo kason nasara: wasa 70 cikin 128, kusan kashi 55 cikin ɗari. Gaskiya ne, a cikin kociyoyin da suka gabace shi a United ya ɗan fi na Solskjaer, amma bai kai na Mourinho ba, wanda ya haura kashi 58. Kuma wannan lissafi yana haɗa wasannin kofi da ƙananan ƙungiyoyi, don haka yana ɓoye abu da yawa.

Ina matsalar take a cikin fili?

A tsakiya. 'Yan gaba da Bruno Fernandes sukan hau su matsa wa abokan hamayya tun daga gidansu, amma 'yan baya ba sa biyo su, sai su tsaya can kusa da raga. Sai a bar wawakeken fili tsakanin ɓangarorin biyu, Casemiro shi kaɗai a ciki, ga shekaru sun fara ja. Da zarar an tsallake layin farko da fas ɗaya, abokan hamayya sun samu titi har bakin da'ira ta 18. Matsi irin wannan ba ya aiki sai dukkan layuka sun taso tare, tazarar da ke tsakaninsu ta zama ƙarama. Wannan gyaran koci ne, kuma ya yi kaka guda cur bai gyara ba.

Raunuka fa?

Hujja ce mai ƙarfi a 2023/24. Luke Shaw da Tyrell Malacia sun bar gefen hagu babu mai shi, Lisandro Martinez ya daɗe yana jinya, har Casemiro ya koma tsaron baya ranar da Crystal Palace ta ci su 4-0. Sai dai 7-0 ɗin da Liverpool ta yi musu a Anfield a Maris ɗin 2023 ya faru ne da manyan 'yan wasansa a fili.

Laifin wa ne sayen 'yan wasa?

Na shugabanni ne da shi. Su suka amince da biyan sama da fam miliyan 80 a kan Antony, amma shi ya nace sai an kawo shi, kamar yadda Martinez da Onana su ma tsofaffin yaransa ne na Ajax. Kocin da aka kawo wa waɗanda ya zaɓa da kansa ba zai ce kayan aikin ba nasa ba ne.

Ruben Amorim, kocin da aka ɗauko bayansa, ya zo ya ƙare na 15, wannan bai wanke Ten Hag ba?

Ya nuna cewa ciwon ƙungiyar ya wuce mutum ɗaya, kuma sabbin masu kula da harkar ƙwallon, INEOS, sun yi kuskure da suka tsawaita masa kwantiragi a Yulin 2024 sannan suka kore shi bayan kusan wata huɗu. Amma Amorim ya karɓi aiki a tsakiyar kaka, da 'yan wasan da aka saya don wani salo, ya kuma sauya su zuwa 'yan baya uku. Maki 42 da aka ƙare kakar 2024/25 da su ba na Amorim kaɗai ba ne, kuma 11 daga ciki na wasa taran farko ne da Ten Hag ya jagoranta.