Mai ciwon ƙoda da shawarar barin tuwo

A 'yan kwanakin nan saƙonni suna yawo a WhatsApp nan Damagaram, ana cewa duk mai son rage ƙiba ko sukarin jini ya bar tuwo da fura da shinkafa, ya koma nama da ƙwai da mai. Ga mai lafiyar ƙoda, maganar tana da wurin tattaunawa, amma ga wanda lokotoro ya riga ya ce ƙodarsa ta raunana, akwai haɗari a cikinta.

Idan mutum ya bar hatsi, yunwa za ta kai shi wurin mai tsire da balangu da kilishi. Furotin ɗin da ke cikin nama kuwa, wato sinadarin gina jiki, bayan jiki ya ɗauki rabonsa, yana barin datti a jini, ƙoda ce kuma ke tace shi ta fitar a fitsari. Ma'aunin da likitocin ƙoda ke bayarwa ga wanda ciwonsa ya yi nisa amma bai fara wankin ƙoda ba shi ne kusan giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyin jiki a yini. Mai kilo 60 ke nan giram 48 ne rabonsa, alhali ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, giram 100 na ɗanyen nama kuma kusan 20, kafin a lissafa wake da nono. Kilishi ya fi ba ni tsoro, domin busasshen nama ne da aka shafe shi da gishiri da magi, ga shi gishirin yini bai kamata ya kai giram 5 ba.

A kwanakin farko na barin hatsi jiki yana zubar da ruwa, wannan kuwa a zafin bazararmu yana ƙara gajiyar da ƙoda. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin, in ya yanke tuwo bai gyara magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma.

Rage sukari a shayi da fura da barin lemun kwalba abu ne da nake goyon baya ƙwarai, haka ma rage malmalar tuwo. Kafin a wuce haka, a je asibiti a auna kireyatinin (dattin da ƙoda ke tacewa) da fotasiyom (sinadarin da ke taruwa in ƙoda ta raunana) na jini da furotin na fitsari, a kuma tafi da kwalayen magungunan da ake sha, a faɗa wa lokotoro yawan kanwar da ake sa wa girki.